Ruwan Gatarin Aradu da Na Sha

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai. Sunayen jikoki ma sai na yi ta lalube, in kira wannan da sunan wancan, su yi ta yi mini dariya. Amma akwai abu ɗaya da na tabbata zai raka ni har kabari bai dushe ba: ranar da na sha ruwan gatarin aradu a bakin wata maƙera, da abin da shan nan ya jawo wa wata mata da ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Lokacin ina sabon magidanci. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ce sai 'yar makarantar Littafi Mai Tsarki, daga nan aka tura ni aikin bishara wata unguwar Maguzawa a cikin dajin da ke tsakanin Malumfashi da Funtua. Zamanin auduga na da daraja ne, babur bai yi yawa ba, keke ne dokin mai hali. Ni ma jikan Maguzawa ne, sai dai mahaifina ya karɓi bishara tun kafin a haife ni, a gari kuma na tashi. Hausa ɗaya muke ji da mutanen unguwar, tuwo ɗaya muke ci, zanen fuskar wasunsu irin na kakana ne. Sai na ɗauka na san su. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa ban ma yarda ni baƙo ba ne.

Gidajensu a warwatse suke, kowane gida a tsakiyar gonarsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kaka. Mutum zai girbe dawa ya ɗaure dammuna, ya jera su a gona nesa da gida, ya tafi abinsa, sai ya ga dama ya kwashe, ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya. Fartanya ma a bakin kunya take kwana. Na yaba musu a raina, na ce mutanen kirki ne. Ban taɓa tambayar abin da ke riƙe da wannan amana ba.

Wa'azina a lokacin kan abu biyu yake zagayawa. Na ɗaya, tsafi ba shi da iko, dutse dutse ne, itace itace ne. Na biyu, Yesu Almasihu ya riga ya biya bashin zunubi, duk wanda ya gaskata an yafe masa kyauta. Har yau a kan waɗannan nake, ban janye ko ɗaya ba. Sai dai gaskiya ma kamar iri ce, akwai wadda ake fara shukawa, akwai wadda sai ƙasa ta jiƙa.

Babban unguwar wani tsohon maƙeri ne. Bai taɓa kora ta ba. In na je maƙerarsa yakan tura mini kututture in zauna, wani lokaci in kama masa zuga-zugi ina yi masa wa'azi yana bugun ƙarfe. Wata rana ya tsoma hauya a ruwa, ya jira ta gama huci, ya ce, "Malam, Allah ai mun san shi, shi ya yi sama da ƙasa. Amma in an yafe wa ɓarawo, akuyar fa?" Na yi dariya, na ce, "Baba, ana maganar rai madawwami kuna maganar akuya." Shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Da ina da kunne, da a ranar na ji duk abin da ya kamata in ji.

A hannun wannan tsoho gatarin aradu yake. Wani baƙin dutse ne sumul, mai siffar bakin gatari, bai fi tafin hannu ba. Sun gaskata cewa tare da tsawa yake faɗowa daga sama. Idan rigima ta tashi kuma babu shaida, a farkon damina ake kawo ta maƙera. Tsohon zai wanke dutsen a cikin ƙwarya, wanda ake tuhuma ya faɗi maganarsa, ya ce in ƙarya ya yi kada aradu ta bar shi ya ga kaka, sannan ya sha. Ni abin da na gani kawai shi ne mutane suna tsoron dutse. Abin da ban lura da shi ba, ba kasafai ake shan ruwan ba. Mai ƙarya da ya ga ƙwarya sai ya sunkuyar da kai, kowa ya gane, a mayar wa mai abu abinsa, a watse ba zagi ba duka.

Mutum na farko da ya fara zuwa sujada wurina wani ƙaƙƙarfan manomi ne mai shanun huɗa. Da karan gonarsa aka yi jinkar 'yar majami'armu. Ya iya waƙoƙi tun kafin kowa, muryarsa har bakin rafi ake ji. Sabuwar masara ba ta isa gidansa sai ta biyo ta gidana. Da shi nake alfahari in manyanmu sun zo daga gari duba aiki. Shi ne kuma kullum yake ce mini, "Malam, muddin dutsen nan yana maƙera, wa'azinka a bakin ƙofa zai tsaya. Mutanen nan ba sa jin magana, sai sun gani da ido. Ka nuna musu."

Ga abin da ban sani ba, kuma duk unguwar ta sani. Wannan mutum yana da wa da ya rasu kafin zuwana, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Gonar gandu ta koma hannun dangi kamar yadda suka saba. Abin da ya rage wa matar shi ne wata 'yar fadama a bakin rafi, wadda mijinta ya sare da hannunsa tun tana ciyawa da ƙaya. A nan take shuka shinkafa da damina, da rani ta yi albasa, gefe guda kuma ga rake. Da ita take ciyar da yaran. Ƙanin mijin ya tashi ya ce fadamar tasa ce, aro ya ba wansa. Waɗanda suka ga saran farko sun mutu. Aka kai magana maƙera, aka wanke dutse, aka miƙa masa ƙwarya, ya sunkuyar da kai. Fadama ta zauna a hannun matar. Wato wannan dutse da nake yi wa kallon gunki, shi kaɗai ne shingen da ke tsakanin gonar marayu da shanun huɗar baffansu.

Ban sani ba, domin ban tambaya ba. Matata ma ta ji ƙishin-ƙishin a bakin rijiya, amma ni a lokacin ba na sauraron zancen rijiya.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwan shuka, maƙera ta cika da masu gyaran kayan noma. Ana kuma wata 'yar shari'a a kan rago da ya ɓace. Na iso an riga an wanke dutsen, ƙwarya tana hannun tsohon, wanda ake tuhuma yana ta kallon yatsun ƙafarsa. Mai shanun huɗa ya zungure ni da gwiwar hannu. Ban tsaya tunani ba, na ratsa mutane na kama bakin ƙwaryar.

Tsohon bai sake ta nan da nan ba. Ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, sake. Ba kai nake jiye wa ba."

Na ɗauka barazana ce irin ta masu tsafi. Na fizge ƙwaryar, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku zama shaida! Ni nan, tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin tuwo ba. In ƙarya na faɗa, kada aradu ta bar ni in ga kaka!" Wani saurayi ya tuntsire da dariya, domin jiya-jiya a gidansu na share malmala biyu. Uwarsa ta doke masa ƙeya. Na kafa kai na shanye ruwan tas, na kife ƙwaryar a ƙasa. Ɗanɗanon ƙasa da tsohuwar fata kawai na ji.

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, ga amaryarsa da ciki!" Tsohon ya sunkuya ya ɗauki dutsensa, ya goge da gefen warkinsa, ya shige ɗaki. Maganar rago ta bi ruwa, ba wanda ya sake tuna ta. Daga baya na gane mai ragon ne mutum na farko da na cuta a ranar.

Daminar nan na ga abin dariya iri-iri. Da hadari ya haɗo, sai in ga hanya ta buɗe mini. Mata su janye 'ya'yansu daga kusa da ni. Wata rana ruwa ya tare ni a hanyar kasuwa, na ruga wata rumfa inda mutane suka fake, kafin in sa ƙafa duk sun fice cikin ruwan, suka bar mini rumfar ni kaɗai. Mai keken da kan ɗauke ni zuwa bakin titi ya ce, "Malam, ina ƙaunarka, amma ka bari sai rani. Aradu ba ta san mai tuƙi da fasinja ba." Ba zan ɓoye ba, ni ma in tsawa ta fashe kusa, nakan yi addu'a da sauri. Amma dawa ta fid da kai, ta nuna, aka girbe, ina nan ina cin tuwona.

Majami'a ta cika. Samari suka zo, matan aure suka zo, har sai da muka ƙara rumfa a waje. Manyanmu suka yaba mini a gaban taro. Na ji kamar ni ne annabin nan da ya kunyata masu bautar gumaka a kan dutse. Ban lura ba cewa a kakar nan, karo na farko, wasu sun fara kwashe dammunansu ranar da suka ɗaure.

Da ruwan shuka ya sake zubowa, mai shanun huɗa ya je maƙera da kansa ya ce a tayar da maganar fadama, yanzu a shirye yake ya rantse. Ina gari ranar, sai labari na tarar. An ce tsohon ya yi ta ja, ya ce maganar ta riga ta mutu, amma al'ada ba ta ba shi ikon hana mai neman rantsuwa ba. Ya wanke dutse. Mutumin ya ce fadamar tasa ce, in ƙarya ya yi kada ya ga kaka, ya shanye, ya goge baki. Kafin rana ta yi tsaka shanunsa suna cikin fadamar, garma tana kife irin shinkafar da matar ta yafa.

Washegari da hantsi matar ta zo gidana, goye da ƙaramin ɗanta. Matata tana daka, ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mata tabarma. Ba ta zauna ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, tambaya ce ta kawo ni. Wannan Allah naka, yana gani?"

Na ce, "Yana ganin kome."

"Ya ga abin da aka yi jiya ke nan?"

"Ya gani."

"To, me ya ce?"

Na ce zai yi wa kowa shari'a a ranar ƙarshe. Ta gyara goyonta, ta ce, "Ranar ƙarshe. Kafin ta zo yaran nan su ci me?" Ta ce, "Tun zuwanka ina jin wa'azinka ta bayan darni. Kullum yafewa, kullum yafewa. Na gane wanda ya yi laifi yana da mai tsaya masa a wurinku. Wanda aka yi wa laifin fa, wa gare shi? Mu dai dutse gare mu, ka kuwa shanye shi."

Ta yi wa matata sai an jima, ta fita.

Na tafi fadamar kai tsaye. Na tarar da ƙanin mijin nata yana huɗa yana rera ɗaya daga cikin waƙoƙinmu. Ya tsayar da shanu ya gaishe ni da fara'a kamar kullum.

Na ce, "Kai da kake mai bi, ka koma shan ruwan tsafi?"

Ya ce, "Haba Malam, wane tsafi? Ruwa ne kawai. Kai ka faɗa, kai ka fara sha."

"Amma ƙarya ka rantse a kai."

"Kai fa? Ko da gaske ba ka taɓa cin tuwo ba?"

Ya faɗe ta yana dariya, ba da fushi ba. Na ce nawa daban, ni don in nuna ikon Allah na yi, ban ƙwaci na kowa ba. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "To, a ce ma zunubi ne. Ba ka ce an riga an biya ba? Ran Lahadi sai in roƙi gafara." Ya kaɗa shanunsa suka ci gaba.

Na daɗe tsaye a kan kunyar gonar. Babu kalma ɗaya a bakinsa da ba daga bakina ya ɗauka ba. Ya tsince su ne kawai ya jera yadda suka yi masa. Har yau ban iya cewa ko tun farko don fadamar ya zo majami'a, ko kuwa ya zo da gaske ne sannan ya ga ƙofa a buɗe. Allah ne ya san zuciya. Abin da na sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga shi.

Na yi ƙoƙarin gyara, amma gyaran mai gaggawa ne. Na raka matar wurin dagaci, wani dattijo Musulmi mai haƙuri da ya daɗe yana zaune lafiya da Maguzawan ƙasarsa. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Malam, tun zamanin mahaifina, in maganar mutanen nan ba ta da shaida, rantsuwarsu muke bar musu, domin ba mu taɓa jin sun yi ƙarya a kanta ba. Yanzu ya rantse bisa al'adarsu, shaida kuma babu. Da me zan kama shi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai rantsuwar ba ta da wani ƙarfi." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haka na ji. An ce kai ka gano."

Ran Lahadi na tsaya a gaban jama'a na ce wanda ya ci gonar marayu ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi kan ci tare don tunawa da Yesu, sai ya mayar. Mutumin ya tashi ya fita, samari da yawa suka bi shi, domin da shanunsa suke huɗa. Waɗanda suka rage suka yi ta kallona kamar na sauya addini. Wani ya ce, "Malam, da ba haka kake faɗa ba." Gaskiyarsa. Ban taɓa faɗa ba. Manyanmu da suka zo daga gari suka ce in bi a hankali, maganar gona marar shaida ba ta majami'a ba ce, kada in watsa garken da aka sha wahalar tarawa.

Akwai 'yar gonar da unguwa ta ba ni in riƙa nomawa. Na je na ce wa matar ta karɓa. Ta ce, "Malam, tudu ce, ba ta yin rani. Kuma matarka ga jariri a hannu. In na karɓa yunwar ce ta sauya gida." Ta ƙi. Ta yi daminar nan tana ƙwadago a gonakin mutane, ita da babbar 'yarta. Damina ta wuce, tsawa ta yi ta fashewa inda ta ga dama, mai shanun huɗa ya girbe shinkafa. Bayan kaka 'yan'uwanta suka zo daga wajen Musawa da jakuna biyu, suka ɗora tukwane da tabarmi da yara, suka tafi da ita.

A ranar da ta tafi na bi ta maƙera. Na daɗe ban je ba, kunya ta hana ni. Tsohon yana zaune, wuta a mace. Ya shiga ɗaki ya fito da dutsen a cikin 'yar fatarsa, ya kama hannuna ya ɗora mini.

Na ce, "Baba, me zan yi da shi?"

Ya ce, "Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Malam, kana tsammani ban taɓa ganin wanda ya sha bisa ƙarya ya kwana lafiya ba? Na gani tun ina yaro, ubana ma ya gani, muka yi shiru. Ba dutsen muke tsaro ba, masu rauni muke tsaro da shi. In kana da abin da ya fi shi, ai da sai ka kafa naka tukuna, ya kama ƙasa, sannan ka tuge namu. Ko mai gyaran darni ba ya kwance tsohon sai ya tara sabon kara." Ya naɗe mini yatsuna a kan dutsen. "Tunda ka kashe shi, sai ka ɗauki aikinsa."

Haka kuwa aka yi. Sauran shekarun da na yi a unguwar, duk rigimar da ba shaida gidana ake kawo ta, akuya, iyakar gona, bashin iri. Ni kuwa ba ni da tsawa. Sai zama, da sauraro, da zuwa gidan wannan in koma gidan wancan, da koya wa mutane daga farko cewa Allahn da muke bi yana gani, kuma yana tambaya. Wasu an shirya, wasu ba a shirya ba. A cikin wannan wahalar ce na fara karanta Littafin da nake ɗauke da shi da idon mutanen unguwar, sai na ga amsar matar nan a ko'ina. Allah da kansa ya ce shi ne mai tsaya wa gwauruwa da maraya. Ya yi kashedi mai zafi a kan mai matsar da iyakar gonar maƙwabcinsa. Mai karɓar harajin da ya tuba a gaban Yesu ma, da mayar da abin da ya ƙwata ya nuna tubansa. Duk suna nan tun ranar da na iso unguwar. Na tsallake su ne domin ba su ne tambayata ba. Ni na tashi a gidan da ake tambayar yadda mai zunubi zai sami gafara. Su kuwa sun tashi suna tambayar wa zai zama shaida, wa zai tsare mara ƙarfi.

Fadamar ba ta koma ba. Mutumin ya noma ta har ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka sayar. In ka bi ta wurin yau, injin ban ruwa ne ke ta ƙara a cikin tumatir.

Bayan shekaru masu yawa, furfura ta fara fito mini, wani aiki ya kai ni wajen Musawa ranar kasuwa. Na yi ta tambaya har aka kai ni gidan da take. Ta tsufa, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ta gane ni tun kafin in yi sallama ta biyu. Ta ce, "A'a, Malam mai shan aradu! Ashe kana nan?" Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce in sha, wannan ba a wanke kome a ciki ba. Muka yi dariya. Ta ba ni labarin yaran, duk sun girma, kowa da inda rayuwa ta kai shi.

Na ce mata na zo ne da amsar tambayar da ta yi mini a tsakar gidana. Na faɗa mata duk abin da na gano, a hankali, ba da muryar wa'azi ba. Ta saurara hannunta bai daina ɓara ba. Da na gama ta hure ɓawon da ke cikin faifai, ta ce, "Maganar ta yi daɗi, Malam. Da da ita ka fara, da ƙanin mijina bai taka majami'arka ba. Ni ce da na zo."

Ta ƙulla mini gyaɗa a leda na kamo hanya. Ban sake ganinta ba, daga baya na ji ta rasu.

Dutsen yana nan a cikin akwatina. Ba na tsoronsa, ban kuma taɓa gaskata yana da iko ba. Amma idan samarin da za a tura aikin bishara suka zo yi mini sallama, nakan fito da shi in sa musu a hannu su ji nauyinsa. Sai in ce musu, duk abin da kuka tarar mutane sun riƙe, ko kun tabbata ba gaskiya ba ne, ku fara tambayar wane aiki yake yi musu, wa kuma zai kwana a waje in an ɗauke shi. Ku zauna a maƙera, ku saurari zancen rijiya, ku ji tambayar da ke damun mutane kafin ku buɗe baki, domin Littafin da ke hannunku ya fi wa'azin da kuka haddace faɗi. Ku kuma lura da wanda ya fi kowa zuga ku, ku tambayi kanku me yake jira.

Abin da ruwan nan ya koya mini ke nan. Ni na sha, na kwana lafiya, har aka yaba mini. Wadda ba ta sha ba ita ce ta biya. Mai kai wa mutane gaskiya, in bai san inda suke tsaye ba, yana iya janye ƙasa daga ƙarƙashin mafi rauninsu, yana tsammani dutse kawai ya ɗauke.